Yadda za ka bi diddigin baƙon suna kafin a yanka rago

Ni mai buga takardu ne. Shagona yana Sabon Gari, nan Damagaram: kwamfuta biyu, da injin fotokwafi ɗaya wanda in rana ta take sai an bar shi ya huce kamar jakin da ya sha kaya. Shekara 16 ke nan ina buga sunayen mutane, daga takardar neman aiki zuwa ta cinikin fili zuwa jerin ƴan lakwal masu shiga jarrabawa. Don haka na san tsadar harafi ɗaya. Na ga yaron da takardar haihuwarsa ta ce Laouali, ta lakwal ta ce Lawali, katin shaida kuma ya ce Lawaly. Wata biyu ya yi yana zarya a kan kabu-kabu kafin a yarda mutum ɗaya ne.

Ƙanena yana Polan, ƙasar da mushe ya koya mana da sunan Pologne. Karatu ya kai shi. Ya fara da koyon harshen a birnin Łódź, ya gama, ya samu aiki, ya yi aure a can. Shekara 7 shiru, babu ko ɓatan wata. Sai bara da bazara Allah ya kawo namiji. Daren da aka haihu ya kira ni ya ce, "Yaya, sunan Baba za a sa masa, wannan ba sai an tattauna ba. Amma uwar tana roƙon a ƙara masa na biyu, na wajensu." Ya faɗi sunan, ban kama ba. Ya maimaita, na ji wani abu kamar "bojida". Ya ce ma'anarsa kyautar Allah.

Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, amma da aka zo zancen suna na biyu sai ta ɗaure fuska. Kawu ya ƙara gishiri, ya ce yaron nan ya daɗe a Turai, abin da matar ta faɗa masa shi zai karanto mana, wa ya sani ko sunan gunki ne. Aka juyo kaina: "Kai da kake wuni gaban kwamfuta, duba mana." Kwana 6 gare ni, don ko da jaririn yana can, a ƙofar gidanmu na Birni za a yanka rago a raba goro da dabino.

Abin da na yi cikin kwanakin nan shi zan shimfiɗa muku, har da wuraren da na yi tuntuɓe. Gida nawa ne yanzu a garin nan ba su da ɗa a waje? Na Polan ya faɗo mini, amma hanyar ɗaya ce ko na Turkiyya aka kawo maka ko na Rasha.

Kada ka fara da intanet. Fara da waɗanda suka kawo sunan. Ka ce a rubuto maka shi a WhatsApp da salular da ke da haruffan harshen, sannan a aiko maka da murya, ɗan ƙasar ya faɗe shi sau uku a hankali. Ni ba na hira da matar ƙanena, matsayin suruki nake a wurinta, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, don haka shi na sa ya ɗauko muryarta.

Ga abin da ya iso: Bożydar. Ka lura da ɗigon da ke kan z. Harshen Polan yana da haruffa 32, tara daga ciki masu alama ne: ą, ć, ę, ł, ń, ó, ś, ź, ż. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tunda ya san tazarar da ke tsakanin kafa da ƙafa, da ta bari da ɓari. Harafin ż shi ne j ɗin Faransanci, irin na jardin ko Jean, abin da ya zo mana da sauƙi mu da muka yi lakwal. Shi kuwa y wasali ne gajere, tsakanin i da e. Kuma ƴan Polan suna danna gaɓar da ke kafin ta ƙarshe, wato bo-JI-dar. In ka raina wannan mataki za ka sha kunya. Łódź ɗin da na ambata, "Wuc" ake cewa. Harafin w a wurinsu v ne, don haka yaran fadar da ke bayan shagona, masu kwana gardama a kan Lewandowski, tun farkon sunan suke karkacewa.

Tuntuɓena na farko a nan ne. Kafin rubutun ya iso, gaggawa ta sa na buga "Bozidar" kamar yadda kunnena ya ji. Sai ga shafuka tuli, duka na Sabiya da Kuroshiya da Bulgeriya. Na yi awa biyu ina karanta labarin wata ƙasa, kuran ya ɗauke, na tashi da bayanin da ba na wanda aka aike ni ba. Sunayen ƴan'uwan juna ne, zan dawo kansu, amma a lokacin ɓata ni suka yi.

Da ka samu rubutu daidai, sai ka tsaga sunan gida-gida, kuma da ƙamus za ka yi wannan aiki. Akwai shafukan sunayen jarirai birjik, kuma ina gargaɗinka da su. Kwafar juna suke yi, kuskuren ɗaya ya zama na ɗari. Za su ce maka mai wannan suna yana da haƙuri, yana son tafiye-tafiye, lambar sa'arsa kaza, launinsa kaza. Wannan bugun ƙasa ne da aka sa wa kwat. Ka nemi ƙamus na harshen zuwa Faransanci ko Ingilishi, ka sa kowane ɓangare shi kaɗai.

Da na yi haka sai abin ya buɗe kamar gyaɗa. Bóg shi ne Allah. Boży yana nufin "na Allah". Dar kuwa kyauta ce, ko baiwa. Duka kalmomin suna raye a bakin mutane har yau. Bikin Kirsimeti ma Boże Narodzenie suke ce masa, da wannan tushen a gaba. Wannan shi ne ma'aunin da nake ba ka: in ɓangarorin suna sun fito a ƙamus na yau da kullum, kuma ɗan ƙasar da bai yi dogon karatu ba zai iya fassara maka su, to ma'anar ta zauna. Kamar Ɗanladi ne a wurinmu, ba ya bukatar malami. Wasu sunayen kuwa irin su Tanko ne ko Gambo, sai ka samu tsohuwa ta gaya maka cewa na farko namiji ne da ya biyo bayan mata, na biyu kuma mabiyin tagwaye. Irin waɗannan su ne masu bukatar littafin masana sunaye.

Ka kiyayi kamanni. Wani shafi ya haɗa mini Bożydar da Dariusz, wai tushensu ɗaya tunda duka akwai "dar". Ƙarya ce. Dariusz daga sunan Dariyus ya fito, sarkin Farisa na zamanin da, babu ruwansa da kyauta. Kama da wane ba ta wane. Mu ma muna da masu cewa Hausa daga "hau sa" ta samo asali, labari mai daɗi a bakin murhu, amma ba a kafa hujja da shi.

Ma'ana ta samu, amma tambayar Kawu tana nan: wane Allah? A nan na fi daɗewa, kuma a nan nake so ka daɗe kai ma, don shi ne abin da dattawan gida za su tsare ka a kai.

Sai ka nemi dangin sunan. Bożydar yana cikin zuriyar sunayen Silabawa, manyan dangin da suka haɗa ƴan Polan da Rashawa da ƴan Cek da Sabiyawa da Bulgeriyawa. Al'adarsu tun fil azal ita ce a ɗinke kalma biyu su zama fata ga yaro. Bogdan, wanda Allah ya bayar. Bogumił, abin ƙaunar Allah. Bogusław, ɗaukakar Allah. Bolesław, ƙarin ɗaukaka. Wojciech, sunan mai tsaron ragar nan Szczęsny, haɗin mayaƙi ne da farin ciki. Wata takarda da Paparoma ya aika wa cocin birnin Gniezno na Polan a 1136 tana ɗauke da sunayen mutane da garuruwa wajen 400 cikin harshen ƙasar, kuma da ita masana suke fara lissafin rubutaccen tarihin harshen.

Sarkin Polan Mieszko na ɗaya ya karɓi Kiristanci a 966. Sannu a hankali sunayen coci suka riƙa ture na gargajiya, irin su Jan da Piotr da Paweł, wato Yahaya da Bitrus da Bulus. Bayan babban taron cocin Katolika a garin Trento na Italiya, daga 1545 zuwa 1563, aka ƙara matsa wa iyaye su sa wa yara sunayen waliyyan coci. Na gargajiyar da suka tsira da ƙarfinsu su ne waɗanda wani waliyyi ya taɓa ɗauka, kamar Stanisław da Wojciech da Kazimierz. Da na karanta wannan sai na ga kamar tarihinmu ake ba ni. Ina Bagauda, ina Gijimasu, ina Tsamiya a yau? Musulunci ya zo, sunan yanka ya zama Muhammadu da Abubakar, na Hausa suka koma laƙabi. Bambancin shi ne su nasu sun sake tasowa. A 1795 Rasha da Furusiya da Ostiriya suka gama raba ƙasar a tsakaninsu, ta ɓace daga taswira shekara 123, sai 1918 ta dawo. Cikin wannan zamani na mulkin baƙi, kishin ƙasa ya sa mutane suka koma tono tsofaffin sunayen kakanni.

Shi Bożydar, masana da yawa suna ɗaukarsa tagwayen sunan Girkanci Theodoros, wanda muka sani da Théodore: theos Allah, doron kyauta. Da ka riƙe wannan zare sai ka ga ya zagaya duniya. Faransawa suna da Dieudonné, kuma duk wanda ya zauna da ƴan Benin ko Togo a Yamai ya san wani mai sunan. Larabawa suna da Hibatullahi da Aɗa'ullahi. Har birnin Bagadaza, yawancin masana suna fassara sunansa daga tsohon Farisanci da "abin da Allah ya bayar", kuma bag ɗin nan ɗan'uwan bóg ne. Mu kuma muna da Kyauta, da akan kira yaron da aka daɗe ana jira.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma zargin Kawu yana da tushe. Kalmar bóg ta girmi zuwan Kiristanci, da ita ake kiran abubuwan bautar gargajiya. Akwai wani gunki na Silabawa mai suna Dażbóg, yana cikin waɗanda sarki Vladimir ya kafa a Kiyef a 980 kafin ya bar bautar gumaka. Dubi ginin sunan: "bayarwa" da "allah". Kusan kayan gini ɗaya da Bożydar, amma ɗaya sunan abin bauta ne, ɗayan kuwa godiya ce ga wanda ya ba da ɗa. Da gaggawa na yi, da ko dai na wanke abin da bai wanku ba, ko na ɓata abin da ba shi da laifi. To yaya za ka raba? Ka duba yadda masu tauhidi na wannan harshe suke amfani da kalmar a yau. Polan tana da Musulminta na asali, Tatar, da suka shigo yankin tun ƙarni na 14. Sarki Jan Sobieski ya ba wasunsu filaye a 1679, kuma masallatansu na katako suna nan tsaye a ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki. Fassarar Alƙur'ani cikin harshen Polan da aka buga a 1986, da wannan kalma ta Bóg ta fassara sunan Allah tun daga Bismillah.

Da wannan na tafi wurin malaminmu bayan la'asar. Shawarata, kada ka je wa malami da suna tsirara ka ce ya halatta ko bai halatta ba. Bai san harshen ba, kuma mai tsoron Allah in bai sani ba hanawa zai yi. Ka je da ma'ana, da asali, da abin da ya sa ka shakka. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da na samo, ga kuma inda zuciyata ta tsaya." Ya sa na maimaita zancen gunkin sau biyu. Sannan ya ce abin da ake gudu a suna shi ne bautar da yaro ga wanin Allah, ko mummunar ma'ana, ko abin da ya zama tambarin wani addini. Ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sauya wa mutane munanan sunaye, kuma mafi soyuwar sunaye Abdullahi da Abdurrahman. Ya ce tunda sunan yanka na Musulunci yana gaba, wannan kuma ma'anarsa godiya, shi bai ga abin hanawa ba. Ya ƙara da cewa Ubangiji ma ai kalmar Hausa ce, ba daga Makka aka kawo ta ba. Wannan hukuncin malamin unguwarmu ne a kan wannan suna. Kai ka kai naka wurin naka.

Yanzu bari in ba ku labarin kunyar da na sha. Ƴan Polan suna da abin da suke kira imieniny, ranar suna. Kowace rana ta shekara tana da sunayen da aka jingina mata a kalanda, mai sunan kuma a yi masa barka, a kawo fure ko ƴar kyauta. Tsofaffi da yawa sun fi girmama ta a kan ranar haihuwa. Na buɗe kalandarsu, a 9 ga Mayu na ga an rubuta Bożydara. Na riga na karanta cewa kusan duk sunayen matansu da harafin "a" suke ƙarewa. Ban yi wata-wata ba na hau babur na je gida na ce wa Inna sunan mata ne za a liƙa wa jikanta. Gida ya ɗauki zafi. Da dare ƙanena ya kira yana dariya har da tari. Ashe harshen yana sauya wutsiyar suna gwargwadon aikinsa a jimla, hali bakwai gare su. Bożydara a kalanda yana nufin "ta Bożydar", wato ranarsa. In za a kira shi kuma Bożydarze za a ce. Don haka in ka ga sunan ya sake kama a wani wuri, ka tambayi mai harshen kafin ka hau babur.

Saura farin jini. Mutane sukan ce suna "ba kasafai ake samunsa ba", ba tare da sun ce a ina ba, ko a wane zamani. A Sabiya da Bulgeriya da Kuroshiya, Božidar sunan gida ne, ba wanda zai waiga don ya ji shi; Božidar Maljković, kocin ƙwallon kwando da ya ci kofin Turai sau 4, ɗaya da ƙungiyar Limoges ta Faransa a 1993, yana cikin masu shi. A Polan kuwa baƙon kunne ne. Ƙanena ya ce in an ambace shi, yawancin mutane Bożydar Iwanow suke tunawa, mai sharhin ƙwallo a talabijin.

Sai dai gani ya kori ji, kuma Polan ƙasa ce da ake iya ƙirgawa. Kowane ɗan ƙasa yana da lamba mai alƙaluma 11 a rajistar da ake kira PESEL, wadda ke aiki tun 1979, kuma gwamnati tana sakin jerin sunaye kyauta a shafinta na dane.gov.pl. Ka shiga ka rubuta imiona, wato sunaye. Kalmomi biyar sun ishe ka: męskie na maza, żeńskie na mata, pierwsze na farko, drugie na biyu, liczba adadi. Jeri iri biyu za ka tarar, kuma kada ka gauraya su. Ɗaya na jariran da aka raɗa wa suna a shekara kaza, shi ke nuna abin da ake yayi. Ɗayan na duk masu rai da ke ɗauke da sunan, shi ke nuna abin da aka yi yayi shekaru 40 ko 60 baya. A samansa za ka ga irin su Piotr da Krzysztof da Andrzej da Tomasz. Ka sauke takardar, ka buɗe ta a Excel, ka danna Ctrl da F tare, ka liƙa sunan da ɗigonsa. In ka buga shi da z tsirara, kwamfuta za ta ce maka babu, ka tafi kana yaɗa cewa sunan ya mutu.

A jerin jarirai maza, Antoni ya riƙe kai shekaru da dama, sai Nikodem ya karɓe a 2023, Jan da Aleksander da Franciszek suna biye, kowanne da yara dubbai. Bożydar kuwa sai da na gangara can ƙasa, nesa da ɗari na farko. Ka duba jerin suna na biyu shi ma, don tsofaffin sunaye sukan ɓuya a can, kamar yadda namu zai yi.

Wani abu da ya kusa ruɗe ni: haihuwa tana raguwa a ƙasar. A 2017 an haifi jarirai wajen 402,000, a 2023 wajen 272,000. Saboda haka in adadin wani suna ya sauka, ba lalle ne an guje shi ba. A ce, don misali kawai, wani suna ya samu yara 400 a 2017, ya samu 300 a 2023. Da ido za ka ce ya faɗi. In ka raba da yawan haihuwa, da ɗaya ne cikin dubu, yanzu ya ɗan haura ɗaya. Lissafin ƴan kasuwar Dole ne: ba yawan kwanon da ka sayar ba, nawa ne cikin buhun.

Na zauna ina kallon wannan jeri ina tuna katin Inna, wanda a wurin ranar haihuwa aka rubuta née vers, wato an haife ta wajajen shekara kaza. Su suna iya gaya maka yara nawa aka sa wa suna kaza a kowace jiha daga cikin jihohinsu 16. Mu kuwa sai mu ce shekarar fara ce, ko shekarar da aka naɗa sarki.

Alƙaluma ba sa gaya maka ɗanɗanon suna. Wannan sai bakin mutane. Na sa ƙanena ya tambayi abokan aikinsa biyar, manya da yara, me suke ji in an ce Bożydar. Wasu suka ce yana da nauyi da kwarjini, wasu suka yi murmushi suka ce kamar daga tsohon littafi ya fito. Ka kwatanta da a ce yau an raɗa wa jariri Tanimun, sunan tsohon sarkinmu, a nan Damagaram: kowa ya san shi, kowa zai ɗaga kai. Ni a ganina wannan dalili ne mai kyau na barinsa a matsayi na biyu, yaron in ya girma ya zaɓi ranar da zai fito da shi. Ka kuma faɗi sunan da ƙarfi a tsakar gida, ka ji ko ya yi kama da wata kalmar banza a Hausa ko Barbarci, don yaran unguwa ba sa yafiya. Namu ya tsallake.

Dokar ƙasar ba ta da tsawo. Suna biyu ne iyaka. Ba a yarda da na ba'a ko na batsa ba, ba a kuma rubuta sunan shagwaɓa, don haka Bożydarek sai a ɗaki. Tun 1 ga Maris 2015 an buɗe ƙofa ga sunayen ƙasashen waje, abin da ya sa sunan Baba ya shiga ba tare da gardama ba. Iyaye suna da kwana 21 su yi rajista, in suka yi sakaci shugaban ofis ya zaɓa wa yaro suna da kansa, kuma akwai damar sauyawa cikin wata 6. In aka yi taƙaddama akwai majalisar harshen ƙasar, da aka kafa a 1996, wadda ake neman ra'ayinta.

A nan sana'ata ta yi rana. Na ce wa ƙanena kafin ya sa hannu ya tsayar da rubutu ɗaya na kowane suna, ya riƙe shi har abada. Binciken da muka yi wa nasu, su ma sai an yi musu na namu. Ɗan Polan in ya ga Lawali zai ce Lavali. In ya ga Jibo zai ce Yibo. In ya ga Moussa da rubutun Faransa, o daban zai karanta, u daban. To wanne za ka ɗauka, wanda ya dace da takardun uban na Nijar, ko wanda malamar makaranta za ta iya kira? Na ba shi shawarar ya bi rubutun fasfonsa harafi da harafi, don ranar da za a nemi shaidar ɗa da uba, takarda ake dubawa. Ɗigon ż kuwa zai faɗi a layukan ƙasan fasfo da inji ke karantawa, ya koma Z, kuma haka ƙa'idar take, kada ya firgita.

Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi tun asuba, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya da sunan Baba, aka shafa. Sai dai duk gidan ba mai iya kiran wannan suna. Inna ba za ta kira sunan mijinta ba, mu ba za mu kira na ubanmu ba, uban yaron kuma ga kunyar ɗan fari. Dole dai a nemi abin kira.

Da hantsi aka haɗa bidiyo, aka kara wa Inna salula. Ta ce, "Ina mijin nawa? Kai, wannan ango ja ne, ko kuɗin cefane bai aiko ba." Aka ce ta gwada ɗaya sunan. Ta ce Boji, ta tsaya. Ta sake, ta ce Bujidari. Ta juyo ta ce mini, "Me ka ce yake nufi?" Na ce kyautar Allah. Ta ce, "To Kyauta ke nan. Shi ne kuka kwana shida kuna wahalar da kanku?" Daga ranar, a Birni Kyauta ne. Kawu ma haka yake kiransa, ko da yake har yanzu yakan tambaye ni labarin gunkin nan na Kiyef.

Da hoton takardar haihuwar ya iso, na buga shi na ba yaron shagona ya ciro kwafi uku, ɗaya na Inna, ɗaya na Kawu, ɗaya na ajiya. Ya kawo mini su tsaf, yana jiran yabo. Na duba, babu ɗigo a kan z. Ya ce ya ga ƙazantar inji ce, ya shafe ta da farin ruwan gyara kafin ya ɗora. Na cire dala goma sha biyar daga kuɗin abincinsa, na sa ya sake.